“Ring Ne, Alhaji”: Hukuncin Da Ake Yankewa Kafin A Ɗaga Bonet

Makalar wannan makon za ta ɓata wa wasu rai, musamman 'yan uwanmu masu gareji da ke cikinmu, saboda haka tun da wuri muna ba su haƙuri. Amma maganar ta daɗe tana cin mu, gara mu amayar da ita kowa ya huta.

Ɗaya daga cikinmu yana da BMW Z3 ta shekarar 2001, mai injin lita 3 da ake kira M54. Shekara biyu yana tara kuɗi kafin ya ɗauko ta daga Kwatano. Ranar da ta iso, har da masu zuwa ɗaukar hoto a ƙofar gidansa. Bayan 'yan watanni sai ta fara shan baƙin mai, kuma duk sanda ta jima a cunkoso, yana taka totur sai ta bar wa na baya gajimaren hayaƙi. Ya kai ta gareji. Ogan garejin ya zaga bayan motar, ya zura yatsa a bakin salansa, ya duba yatsan, ya girgiza kai ya ce, “Ring ne, Alhaji. Sai an sauke inji.” Bonet ɗin ma bai ɗaga ba.

Aka sauke inji. Sati biyar yana buɗe a ƙarƙashin darbejiya, cikin hunturu, an lulluɓe shi da buhun siminti. Aka sa ring ɗin da babu wanda ya san kamfanin da ya yi shi. Wajen mayar da tof, zaren ramukan kusoshi biyu ya zare, domin gangar jikin M54 alminiyom ce, ba ta jure ɗaurin ganganci, balle idan injin ya taɓa yin zafi. Aka yi ɗinki, aka haɗa, aka tayar. Hayaƙin nan yana nan daram, kamar ba a taɓa komai ba. Wani yaro da ya taɓa koyon aiki a Apo ne ya zo wucewa, ya ce a bar ta a silo. Ya kama murfin da ake zuba baƙin mai zai buɗe, murfin ya ƙi ɗagowa, kamar ana jan sa daga ciki. Da ya ɓamɓare shi da ƙarfi sai aka ji iska tana shiga da fito, injin ya fara karkarwa. Yaron ya ce CCV ce. Aka canza ta da tiyoyinta, hayaƙi ya ɗauke. Kuɗin kayan bai kama ƙafar abin da aka kashe wajen sauke inji ba. An bar jaki ana dukan taiki har sati biyar, kuma injin da ya zo daga Turai ba a taɓa buɗe shi ba, yanzu ya zama mai ɗinki a jiki har abada.

Abin da muke ja da shi ke nan. Kalmar “ring ne” ta zama kamar “maleriya da taifot ne” a bakin mai kemis: ana faɗin ta kafin a yi gwaji, kuma sau da yawa tana dacewa, shi ya sa ba wanda ke tambayar sauran lokutan da ba ta dace ba.

Bari mu tsaya kan wannan CCV, domin yawancin masu Z3 da Z4 ta farko da 330Ci da ke cikinmu ba su san suna ɗauke da ita ba. Kowane inji, komai lafiyarsa, ɗan iskar ƙuna yana kuɓucewa ta gefen fistin ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Idan ba a ba wannan iskar hanyar fita ba, za ta kumbura cikin injin ta tura mai ta kowace kafa. A da can, tiyo kawai ake saki ta fitar da ita waje. Da dokokin hana gurɓata iska suka zo, sai aka koma mayar da ita cikin manifol a ƙone ta tare da fetur. To amma iskar tana tafe da ƙurar mai, dole a tace. Aikin CCV ke nan: wani ɗan kurtu ne na roba a ƙarƙashin manifol, yana jujjuya iskar ya ware man, man ya bi tiyo ya koma kasko ta bututun sandar geji, iskar kuma ta wuce manifol. A cikinsa akwai wani fallen roba mai sifirin da ke ƙayyade yawan zuƙar da manifol zai yi. Motar da ta haura shekara 20, a zafin ƙasarmu, fallen nan yakan bushe ya yage. Da zarar ya yage, manifol sai ya riƙa zuƙar cikin inji kai tsaye, ya tsotso mai ya watsa wa silinda shida. Haka kuma idan tiyon da ke mayar da man ya toshe da dauɗa, man ba shi da wajen zuwa sai gaba. Ko wanne ya faru, abin da na baya zai gani shi ne hayaƙi, irin wanda ring ke yi sak.

Gwajinsa ba ya buƙatar ko sifana. Inji na silo, a sassauta murfin mai. Lafiyayyen inji zai ɗan riƙe murfin kaɗan, muryarsa ta ɗan sauya. Idan sai an yi kokawa da murfin, ko ana jin fito kamar usur, CCV ta yage. Idan kuma maimakon zuƙa ana jin iska na bubbugo tafin hannu da ƙarfi, to a nan ne za a fara zargin ring, ko toshewar hanyar numfashin. Minti ɗaya ke nan. Wane uzuri ne zai hana a yi shi kafin a kira masu ɗaga inji?

Amma tun kafin nan ma akwai aikin da ya rataya a kanmu masu motar, kuma ba ma yi. Mutum zai zo ya ce motarsa “tana shan mai sosai”. Nawa ne sosai? Ba ya da amsa. A cika mai zuwa layin sama na sandar geji, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, inji da ɗumi, bayan an kashe shi da kamar minti biyar. A rubuta lambar kilomita. A yi tafiyar kilomita 1,000, a dawo wuri ɗaya a sake aunawa kamar yadda aka yi da farko. Tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ce, kuma injin gaba ɗaya lita 6.5 yake ci har da filta. Wanda ya auna da safe inji a sanyaye a kan gangaren ƙofar gida, gobe ya auna a gidan mai inji na tafasa, kansa yake ruɗawa. Mun ma ga wanda saboda tsoro yake ƙara mai ya wuce layin sama, man ya yi kumfa, injin ya tura rarar ta manifol, ya dawo yana kukan hayaƙi. Shi ya haɗa wa kansa.

In an tabbatar man yana raguwa, hanyoyin ɓacewarsa ba su da yawa: ko yana zuba, ko yana ƙonewa, ko yana shiga ruwan lagireto. A fara da zuba, domin ita ce mafi arha kuma mafi yawa. Kada a ce ai ba a ga ɗigo a ƙasa ba. Waɗannan motocin suna da faranti a ƙarƙashin inji da ke tare man, ga ƙurarmu tana shanye shi ya zama laka. A wanke inji da hankali, a cire farantin, a yi yawo kwana biyu, a duba da tocila. M54 a kishingiɗe yake zuwa gefen fasinja, kuma a gefen nan bututun salansa ke fitowa. Idan gaskit ɗin murfin saman inji ya bushe, ko murfin da kansa ya tsage (na roba ne), man yana gangarowa kan ƙarfe mai zafi, sai a ji ƙauri a cikin mota a ga hayaƙi na tashi daga bonet idan an tsaya a danja. Wannan hayaƙin bai ko shiga cikin inji ba. A gefen direba kuma akwai gaskit ɗin gidan filtar mai, wanda ya yi ƙaurin suna a wannan injin. Yana tsiyaya kan bel ya laƙume ta. Sai tiyon man VANOS, sai gaskit ɗin kasko. Wanda ya rasa daga inda yoyon yake, ya barbaɗa hodar jarirai a wurin da yake zargi bayan an wanke, man zai zana masa hanyarsa da kansa.

Sai launin hayaƙi. Na baƙin mai shuɗi-shuɗi ne mai ratsin toka, da ƙauri mai kama maƙogwaro. Baƙi wuluk fetur ne ya yi yawa, a nemi nozul ko na'urar auna iska, a bar fistin ya huta. Fari mai kauri da ba ya watsewa da wuri, mai ɗan ƙamshin zaƙi, tare da raguwar ruwan lagireto, wannan tof gaskit ne ko tsagewar tof. Shi ma akwai ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin tankin ruwa, idan iskar ƙuna na shiga ruwan sai ya juye daga shuɗi zuwa ɗorawa. Farin tururin da ke fita da sassafe a watan Janairu ya ɓace bayan minti kaɗan kuwa, raɓa ce da ta kwana a salansa. Kowace shekara sai mun ga wanda aka tsorata da ita.

Abin da ya fi launi amfani shi ne lokacin da hayaƙin ke fita, kuma a nan ne muke ganin an fi yin sakaci, domin yana buƙatar mutum biyu da haƙuri. Ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya bi shi a baya da waya yana ɗauka. Idan motar ta kwana, aka tayar ta yi tarin hayaƙi sau ɗaya ta washe, man ya kwana yana ɗiga ta robobin bawul da suka ƙandare. Idan an bar ta a silo minti goma aka taka totur ta fesar sannan ta daina, su ne dai. Idan an gangaro tudu a giya ba tare da taka totur ba, aka zo ƙasa aka taka sai ga gajimare, nan ma zargin yana kansu, domin a lokacin da totur ke rufe ne zuƙar manifol ta fi ƙarfi, tana jawo mai ta wuyan bawul. Ba sai an je Hawan Kibo ba, gangarowar gadar sama mai tsawo ma ta isa. To amma a lura da kyau: yagaggiyar CCV ita ma a waɗannan lokutan take nuna kanta, saboda zuƙa ɗaya ce ke aiki a kansu. Shi ya sa ake fara kawar da ita kafin a taɓa bawul. Ring kuwa halinsa daban: yana hayaƙi ne a lokacin da inji ke ɗauke da kaya, ana hawan tudu ko an danne totur za a wuce tirela, kuma yana ci gaba muddin ƙafa na kan totur. Robobin bawul, ga wanda ya iya kuma yake da kayan aikin, ana canza su ba tare da an cire tof ba, a cusa iska a silinda ta riƙe bawul ɗin.

Daga nan sai a kwance fulogi shida a jera su bi da bi kamar yadda suka fito. Idan duka shida sun yi baƙi da maiƙo iri ɗaya, man ta manifol yake shigowa. Idan ɗaya ko biyu ne suka jiƙe, matsalar na wannan silindar. Sai gejin kamfireshan: a auna kowace silinda, inji da ɗumi, a rubuta. Bambancin da ke tsakaninsu bai kamata ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin mai a sake aunawa. In lambar ta ɗaga sosai ring ne, in ta tsaya yadda take a duba bawul ko gaskit. Wanda ke da kwamfiresa sai ya cusa iska a silindar ya kasa kunne: iskar na fita ta murfin mai, ring, ta salansa, bawul ɗin fita, ta manifol, bawul ɗin shiga, kumfa a tankin ruwa, tof gaskit. Akwai kuma 'yar kyamarar nan mai igiya da ake haɗawa da waya, ana zura ta ta ramin fulogi a ga bangon silinda da ido. Gani ya kori ji.

Yanzu mu ba masu gareji haƙƙinsu, don kada a ce mun yi son kai. Wani lokacin ring ɗin ne da gaske, kuma M54 yana cikin injinan da aka sani da wannan. Kowane fistin ring uku ne da shi: biyu na sama suna riƙe kamfireshan, na ƙasa yana kankare mai daga bangon silinda. Na ƙasan nan a M54 ba shi da ƙarfin matsewa sosai, kuma idan motar ta sha dogon zango tsakanin juye da juye, gawayi yakan toshe shi ya maƙale. A irin wannan hali gejin kamfireshan zai nuna lambobi masu kyau, motar na gudu kamar sabuwa, amma tana shan mai. Saboda haka ba mu ce kyawun lamba ya wanke ring ba. Abin da muke cewa shi ne, ring shi ne wanda ake tuhuma a ƙarshe, bayan an sallami yoyo, CCV da robobin bawul. Bakaniken da ya bi wannan layin ya ce mana ring ne, za mu biya shi da hannu biyu mu yi masa godiya.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce, “Shekara 30 ina wannan aiki, ba sai na sa geji ba.” Muna girmama shekarun, amma mu tambaya, a kan wane inji aka yi su? Yawancin manyan iyayen gidanmu a kan Peugeot 504 da 505 suka ƙware, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. Injin kaburota ne, hanyar numfashinsa mai sauƙi, kuma motocin haya ne da suka ci hanya har suka gaji. A can, wanda ya ga shuɗin hayaƙi ya ce ring, da wuya ya faɗi ƙasa. Wannan ilimin gaskiya ne a wurinsa. Ɗauko shi a ɗora wa Mazda RX-8 fa? Ita ko fistin ba ta da shi, injinta mai juyawa ne, kuma da gangan aka yi mata famfon da ke ɗiga mai a ɗakin ƙuna. Wanda ya saye ta ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa. Porsche Boxster ta farko, wadda aka yi daga 1996 zuwa 2004, silindoginta a kwance suke, ɗan tarin hayaƙi bayan ta daɗe a ajiye ba baƙon abu ba ne a wurinta, kuma ita ma tana da na'urar ware mai da iska wadda idan ta mutu takan rufe titi da farin hayaƙi har a ɗauka inji ya fashe. Za a kuma ce kayan gwaji tsada. Garejin da ke da sarƙar ɗaga inji bai isa ya ce gejin kamfireshan ya fi ƙarfinsa ba. Gaskiyar da ba a son faɗi ita ce, kuɗin aikin sauke inji ya ninka na canza CCV sau da yawa, kuma ba wanda ke biyan bakanike ladan awa biyun da ya ɓata yana bincike.

Wannan ta ƙarshen laifinmu ce. Mu ne muke zuwa gareji muna sauri, muna son a faɗa mana ciwon nan take, wanda ya ce sai ya gwada kuma mu ce bai iya ba. Mu ne idan aka ce mu biya kuɗin bincike sai mu ce ai ba a yi komai ba. Mu ne kuma, idan muna shirin sayar da motar, muke cewa a zuba mata 20W-50 da gwangwanin man nan mai kauri kamar zuma. Hayaƙin zai ragu, ba musu, domin mai kauri yana wahalar bi ta ƙananan kafofi. Amma ciwon yana nan, kuma VANOS da ƙananan hanyoyin mai na wannan injin an tsara su ne da mai irin 5W-30 ko 5W-40 mai shaidar BMW Longlife-01. Wanda ya ɗura zumar nan ya kai motar kasuwa, ya san abin da yake yi wa ɗan uwansa musulmi ko kirista, ba sai mun kira abin da sunansa ba. Mai saye kuma ya riƙa zuwa da sassafe kafin a tayar da inji, ya taɓa bonet ya ji da sanyi, ya zaro sandar geji ya murza man tsakanin yatsu.

Akwai abu biyu da ake yi wa waɗannan motocin da zarar sun shigo ƙasa, kuma duka suna ruɗa bincike. Na farko cire abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Yana nan yana ƙone wani ɓangare na hayaƙin mai, shi ya sa mota za ta iya shan mai ba a ga komai a baya ba; ana cire shi sai hayaƙin da ya daɗe yana ɓoye ya bayyana, mai motar ya rantse jiya lafiyarta ƙalau. Na biyu cire tamostat da sunan wai na ƙasashen sanyi ne. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ba ya ƙone raɓar da ke taruwa cikin mai, dauɗa ta yi yawa, tiyoyin CCV su toshe, ring ɗin ƙasa ya ƙara maƙalewa. Har farin abin nan mai kama da kindirmo yakan taru a ƙarƙashin murfin mai, sai wani ya gani ya ce tof gaskit ya ƙone, a sake sauke wani injin. Gyaran gangar Abzinawa.

Buƙatarmu ga 'yan zaure ƙarama ce. Kafin kowa ya yarda a sa sarƙa a injinsa, ya nemi a rubuta masa a takarda: lita nawa motar ta sha a kilomita 1,000, me murfin mai ya yi a silo, yaya fulogi shida suka fito, da lambobin kamfireshan shida. Ya biya kuɗin wannan aikin daban, da daɗin rai, ko da an ƙare ba a canza komai ba. Masu gareji da ke cikinmu waɗanda suke da gejin kamfireshan da na cusa iska, su faɗi garin da suke da unguwa a ƙarƙashin wannan makalar, za mu tattara mu liƙa a sama. Shi kuwa mai Z3, tana tafiya, hayaƙi ya tafi, amma tun daga ɗinkin nan duk sati biyu sai ya ƙara ruwa a tanki, kuma har yau bai yarda ya kai ta Abuja ba.